Kwaɗon Ranar Gayya

Kurkunu ya kama ni a daminar da ta biyo bayan mutuwar shanu. Bai tashi kama ni da rani ba, lokacin da mutum ba shi da aikin da ya wuce gyaran danga da zaman inuwa. Sai da na yi shuka, hatsi ya fito, na yi noman fari da ƙyar, sannan ƙafata ta hagu ta kumbura daga idon sawu. Ta yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, farin zaren ya leƙo. Wanda ya taɓa yi ya sani. Ana naɗe shi a ɗan tsinke, kullum a ja kaɗan, in ka yi gaggawa ya tsinke a ciki ka shiga uku. Haka na zauna gindin bango ina naɗe tsutsa kamar tsohuwa mai kaɗi, gonata kuwa tana can hanyar Kurni ciyawa tana cin ta.

Gonar nan ita kaɗai gare ni. Ɗa namiji bai rayu mini ba, ƴata tana aure a Kance, gidan daga ni sai matata. In ba a yi maimai ba, wato noma na biyu, kafin ciyawa ta rufe hatsi, to a bar zancen, kara za ka girbe. Kara kuwa ba ya cika rumbu.

Abin da ya rage mini shi ne gayya. Ka kira mutane su zo da hauyoyinsu su yi maka aikin yini guda, ba lada sai abinci. Amma abincin nan shi ne komai. Da hantsi fura da nono, da azahar tuwo da nama, haka muka taso muka tarar. Na taɓa ganin gayyar da aka kawo wa tuwo da miya tsura. Ba wanda ya yi faɗa. Wannan ya tuna ya bar jaki a sake, wancan ya ce ana nemansa a gida, kafin mai gona ya ankara sai shi da inuwarsa. In gayya ta watse maka sau ɗaya, ba ka sake tara ta a wannan daminar.

Nono kuwa babu. Ciwon da ya wuce ya share shanu tun daga nan har inda labari ke zuwa, Fulanin da ke sauka bakin fadama sun tashi da sandunansu kawai. Nama a kasuwar Matameye sai gidan masu ayari. Abin da nake da shi mai jini a jiki akuya ce ɗaya, ja, da tsohon ciki.

Na aika wa dattijon unguwarmu, shi ke tara gayya. Ya zo ya duba ƙafar, ya yi mini sannu, ya ce jibi za su zo. Da zai tashi ya ce, "To me za a ci?"

Na ce, "Allah zai kawo, Baba."

Ya dubi akuyar a turkenta, ya gyaɗa kai, ya fita. Ban ce masa za a yanka ba, ban ce ba za a yanka ba. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka jibi akwai nama a gonar gurgu.

Washegari da hantsi ina zaune ina wasa wuƙa a dutse, matata ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Maigida, wuƙar me ake wasawa?"

"Kin san ta me ce."

"Da cikin nata?"

"To me zan ba su? Addu'a?"

"In ka yanka ta, rai nawa ka yanka? Kuma naman nata ƙashi ne da fata, ko yatsu ba zai shafa musu ba."

Na ce mata in gayya ta watse, bana ita da ni da akuyar duk ciyawa za mu ci. Ta karɓe wuƙar daga hannuna kamar an ba ta aro, ta shiga ɗaki, na ji tana jan wani abu mai nauyi daga ƙarƙashin gado. Tulu ne, bakinsa liƙe da laka. Ta fasa lakar da gindin wuƙar tawa. Wake ne cikin toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Ta koma ta fito da taiki guda na gyaɗa da ƙwarya cike da gurjiya.

Wannan duk amfanin gayaunarta ne, ɗan filin da take nomawa da kanta. Abin gayaunar mace nata ne, miji ba ya da hannu a ciki, ko tambaya ba ya yi. Shekara da shekaru muna tare ban san akwai tulu a ƙarƙashin gadon nan ba.

Ta ce, "Kwaɗo zan yi musu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Kwaɗo? Wa maza? A gona?"

"Bakinsu daban ne?"

To, bari in faɗi yadda abin yake a wurinmu. Kwaɗo abincin mata ne. Su ke haɗa shi da hantsi a tsakar gida, su zauna su miƙe ƙafa suna ci suna gulma. Namiji ba ya ci a gaban mutane. In an gan ka da ganye a haƙori, sai ka yi wata guda ana tambayarka ina ka aje zanenka. Ba na cewa ba mu ci. Ni kaina in ta rage mini a ƙoƙo, nakan ja shi cikin ɗaki in share. Amma a ɗauki akushi a aje gaban magidanta masu gemu, waɗanda suka zo da kunnensu cike da zancen nama, wannan ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba.

Na faɗa mata haka. Ta ce, "Ba irin wanda ka sani ba ne. Da hatsi zan haɗa, da wake, da gurjiya. Wanda ya ci, sai ya nemi inda zai kai ƙarfinsa. Kai dai aje bakinka ka miƙo hannunka. Ƙafarka ce ba lafiya, hannun lafiyarsa lau."

Ta dire mini faifai a cinya.

Haka na yini. Na sheƙe tokar waken, na tsince tsakuwa. Na ɓare gyaɗa har babban yatsana ya yi kanta. Ita ta kira maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai ƙarfin hannu da ba ta iya rufe baki, suka ɗauki kwanduna suka nufi gonata tsinkar ganye. Da suka dawo kayan sun fi kansu tsawo, tafasa da gasaya, da ramar da na shuka a kan iyaka.

Matata ta sauke ta ce, "Maigida, barka. Gonarka ta yi albarka. Tun da nake ban taɓa ganin tafasa mai kyau irin ta bana ba."

Tsohuwar ta ce, "Mun dai ga hatsi jefi-jefi a ciki, amma ba zai hana ta girma ba."

Suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na tambaya yaya kwarin yake, wato gefen gonar da ke gangare inda ruwa ke kwanciya. Matata ta daina dariya, ta ce can ɗin in ya ƙara kwanaki kaɗan ba sauran magana.

Da yamma ta soya gyaɗar a kasko da yashi, ni na murje ɓawon, ita da tsohuwar suka daka har ta yi laushi ta fara ƙyalli. Ta riƙa yayyafa ruwan zafi tana juyawa da taɓarya, man yana tasowa tana kwashewa da ludayi. Abin da ya rage ta mulmula ta soya ƙuli-ƙuli cikin mansa. Ƙamshin ya cika unguwa. Na tabbata masu wucewa sun ce ga shi an fara suya. Gurjiya aka jiƙa ta kwana cikin ruwa, don ita taurin kai gare ta. Zogalen da ke jikin dangarmu aka karyo mini, na zauna ina zage ganyen daga tsinkensa, aikin da ban san yana cin rai haka ba sai ran nan.

Da asuba aka hura murhu. Na ga abin da ban taɓa kula da shi ba duk zamana da mata. Kowane abu tukunyarsa daban. Wake da ɗan kanwa, a sauke shi ya nuna amma bai fashe ba, in ka matsa da yatsa ya ba da kai, in ka sake shi yana nan wake. Gurjiya ta fi shi daɗewa a wuta. Gasaya ɗaci gare ta, sai an tafasa an zubar da ruwan an sake. Tafasa ma haka, don warinta ya fita. Rama ba a barinta ta daɗe, tsaminta ake so. Hatsin kuwa tun jiya an surfe shi an wanke an ɓarza ya zama tsaki, aka turara shi a madambaci har ya yi washar-washar, ba ya kama juna.

Ni aka ba matsar ganye. A ɗebo shi daga ruwan sanyi, a dunƙula, a matse har ya daina ɗiga. Na matsa na aje, matata ta ɗauka ta sake matsawa, ruwa ya zubo.

Ta ce, "Wannan ne ƙarfin da ake yi mini gori da shi?"

Na sake. Da na gaji na ce a zuba duka a akushi a juya a huta, ai ciki ɗaya za su. Na kai hannu ga tukunyar wake, ta buge mini hannu da mara.

"In ka haɗa da zafinsu, kafin azahar ya saki ruwa ya yi tsami, ko akuyarka ba za ta ci ba. Kowa ya huce a faifansa tukuna."

Aka baza su a faifai suna shan iska. Ta daka ƙuli da barkono da manda, gishirin nan na Manga, da gabu, busasshen ganyen albasa, da ɗan daddawa kaɗan. Ta ce garin nan da man sai rana ta kusa tsakiya za ta zuba, don kada ya jiƙe ya mutu. Na bar su a nan. Na wanke hannu da toka, na sake wankewa da yashi, amma koren ganyen ya shige ƙarƙashin farce da tsagar tafin hannu ya ƙi fita. Na ja hannun riga na rufe. Tsohuwar ta taimaka aka ɗora ni kan jaki.

Na tarar sun fara. Sun jeru daga bakin hanya, dattijo a tsakiya, ƙura ba ta tashi don ƙasar da danshi. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, kuma na san abin da ya kawo rabinsu. A ƙarshen layin na hango taubashina, ɗan gwaggona, ya taso tun daga Kurni. Tsakaninmu da shi wasa ne tun muna yara. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi ne nawa. Duk abin da ya gani a hannuna yana da ikon ƙwacewa, duk abin da ya faɗa mini a gaban kowa ba ni da ikon yin fushi. Haka taubasantaka take, ni ma haka nake yi masa.

Yana ganina ya ɗaga murya. "Ga gurgu ya iso! Bawa yana kan jaki, ubangijinsa yana duƙe. Duniya ta ƙare."

Na ce, "Yi noma, ɗan mace. Bakinka ya riga hauyarka isa ƙarshen kunya."

Aka sauke ni gindin tsamiya, don gawon da ke tsakiyar gonar ba ya da ganye da damina. Da hantsi tsohuwar ta kawo farau-farau, ruwan gari ba nono. Suka sha ba ƙorafi, kowa ya san halin da ake ciki, kuma suna jiran na azahar. Na ji wani yana cewa shi dai a aje masa hanta. Na duƙar da kai ina duban tsinken ƙafata.

Kafin rana ta take sun gama tudun. Rabin gona ke nan, rabin mai sauƙi. Kwarin yana nan kore shar, hatsin ciki ya yi rawaya ya siririce. Shi ne ƙasa mai ƙarfi, shi ke ba ni abin da ke kai mu wata damina.

Muka yi azahar, ni a zaune. Muna shafawa sai ga matata da tsohuwar da akusa a ka. Suka sauke a tsakiyar inuwa, matata ta aje mini ɗan ƙoƙo a gefena, suka gaida mutane suka ja baya can nesa. Dattijo ya ɗaga faifan.

In faɗi gaskiya, abin ya yi kyau a ido. Tsakin hatsi ya sha mai yana ƙyalli, ga farin wake, ga gurjiya ja da baƙa, ga ganye kore, garin ƙuli ya bi ko'ina. Ƙamshin gabu da gyaɗa ya bugo ni har inda nake. Amma sai kallo kawai ake yi. Ba wanda ya matso.

Mai son hanta ya ce, "Tuwon yana baya ne?"

Na ce, "Babu tuwo a baya. Babu nama. Akuyata ciki gare ta. Wannan shi ne abin da ke gidana."

Dattijo ya mayar da faifan rabi, ya shiga shafa gemu. Wani ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda ko gajimare babu, ya ce kamar hadari na haɗuwa, shi kuwa ya bar shanya. Mai son hanta ya miƙe ya saɓa hauyarsa. Wasu suka fara laluben takalmansu. Yunwa suke ji, na ga maƙogwaronsu yana motsi, amma kowa yana satar kallon na kusa da shi. Ba mai yarda ya zama wanda za a ce shi ya fara sa hannu. Na dubi kwarin. Ban kuwa iya roƙo ba.

Sai taubashina ya taso yana jan ƙafa yana kwaikwayon tafiyata. Ya tsuguna gabana ya ce, "Bawa, tun safe kake ɓoye hannu cikin riga. Me ka sata?"

Kafin in janye ya cafke wuyan hannuna ya ɗaga sama.

"Jama'a, ku zo ku gani! Lalle! Koren lalle! Wallahi da hannunsa ya matse ganyen nan. Ashe ba kurkunu ba ne ya zaunar da shi, girki aka koya masa!"

Wurin ya fashe da dariya. Har mai hauya a kafaɗa ya juyo. Da wani ne, da gurguntar tawa sai na fasa masa baki. Amma taubashi ne, sai na ce, "Sake ni, jikan mayunwata. Ko matsar ganyen ma ba a iya ba a gidanku, da ruwansa kuke sha."

Ya ce, "Kuma har an ware wa amarya nata ƙoƙon. Bawa da ƙoƙo? Kawo nan."

Ya fizge ƙoƙon. Ya kwance rawaninsa ya yafa a ka kamar mayafi, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu ya harɗe su yadda mata ke yi. Ya ɗebo da ƴan yatsu uku yana karairaya, ya kai baki, ya maƙale murya.

"Ayyururui! Ƙawata, gishiri ya ji. Wa ya koya miki? Mijinki ya yi dace."

Mutane suna riƙe ciki. Ya sake ɗebowa, wannan karon da yatsu biyar. Ya sake. Na lura muryar matan ta tafi, sai tauna. Ya share ƙoƙon tas, ya lashe yatsu, ya ja gindi ya matsa ga babban akushi, ya yaye faifan da dattijo ya rufe.

"Ƴan mata, ku matso mana. Bikin ƙawata ne. Wadda ta tsaya kunya ta kwana da yunwa, ni dai ba na ragewa."

Wani maƙeri da ke cikinmu, ƙato mai faɗin ƙirji, ya ja hularsa ta rufe kunne kamar ɗankwali, ya ce da ƴar siririyar murya, "Yaya, matsa mini." Ya zauna. Daga nan ban san wa ya bi wa ba. Wannan yana cewa a miƙo masa na wajen gurjiya, wancan yana rantsuwa da kitsonsa. Dattijo bai yi wasan ba, girmansa ya wuce nan. Ya jira hayaniyar ta lafa, ya naɗe hannun riga ya ce, "Bismillahi. Ciyawar nan tun safe take ba mu wahala. Bari mu ga iyakarta." Ya sa hannu. Da ya sa, wasan ma ya ƙare, aka koma ci sosai, ba ka jin komai sai ƙarar yatsu a jikin akushi.

Mai son hanta dai ya tafi. Shi kaɗai. Ban riƙe shi a rai ba, ko da yake har yau in ya kira gayya ƙafata takan motsa.

Ni ko loma ban samu ba. Mai gona ba ya sa hannu sai baƙinsa sun ƙoshi, nawa kuma an ƙwace. Na zauna ina kallo har aka kai ga katakon akushi. Maƙerin ya karkata shi yana kalato garin ƙulin da ya maƙale.

Tuwo in ya shiga cikin mai noma, sai ya nemi inda zai kishingiɗa, sai an yi ta tashinsa. Ran nan ba wanda ya kwanta. Suka sha ruwa, suka ɗan taɓa hira, dattijo ya miƙe, suka gangara kwari. Ina daga gindin tsamiya ina ganin koren nan yana kwanciya layi layi, hatsin yana fitowa fili, siriri, rawaya, amma a tsaye. La'asar ta yi ba su nemi komai ba sai ruwa. Wake da gyaɗa suna riƙe ciki, wannan na gani da idona. Rana ba ta yi ja ba suka kai iyakar ramar. Dattijo ya hau tudu ya duba gabas da yamma, ya ce, "Mai gona, saura na Allah." Na yi godiya, aka yi fatiha aka watse.

Taubashina ya ja mini jaki zuwa gida, ƙoƙona a rataye a hauyarsa.

Na ce, "Ka tozarta ni yau."

Ya ce, "Ni kuwa na ƙoshi."

"Da gangan ka yi?"

"Bawa ba ya tambayar ubangijinsa dalili." Ya ɗan yi tafiya, sannan ya ce, "Kai kana tsammani a Kurni nama muke ci? Tun da shanu suka mutu, duk wanda ka gani gindin tsamiyar nan da ganye yake kwana a ciki. Kowa a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Sai dai na gidanku ya fi namu, mu ba mu da gurjiya."

Na ce ya ba ni ƙoƙona. Ya ce wane ƙoƙo.

A ƙofar gida ya leƙa ya ɗaga wa matata murya, "Matata, in kin gaji da gurgun nan, ɗakina yana nan." Ta ce masa sai ya fara koyon matsar ganye, don yanzu ta saba da miji mai amfani. Ya tafi yana dariya.

Da aka sauke ni, ta ce, "An gama?"

"An gama."

"Har kwarin?"

"Har kwarin."

Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ɗaki ta fito da wata ƴar ƙwarya a rufe. Ashe ta san halin dangina, ta rage mana. Muka zauna a tsakar gida, akuyar tana turkenta tana tuƙa tsinken zogalen da na zage. Na ci. Tsamin rama ya fara zuwa, sai barkono, sai gurjiya ta fashe a baki kamar gari, ɗacin gasaya can ƙasa kaɗan. Na gane dunƙulen da ni na matse, don ya fi sauran ruwa. Ban faɗa ba, ita ta faɗa.

Ruwa ya sauko bayan ƴan kwanaki, kwarin ya miƙe ya yi baƙi-ƙirin. Kurkunun ya gama fita dab da kaka, na yi girbi da ƙafata, ina ɗingishi. Hatsin bai yi yawan da za a yi labari ba, amma ya kai mu. Akuyar ta haihu lafiya. Tulun matata kuwa na ga ta sake liƙe shi da laka bayan ta ɗebe sabon wake a gayaunarta, ban tambayi inda ta kai shi ba.

Sunan amarya ya bi ni har yau. In na shiga kasuwa maƙerin nan yakan tambaye ni yaushe za a sake biki. Na gaji da amsawa, na kuma gaji da ɓoyo. Yanzu in damina ta yi tsaka, tafasa ta fito, nakan tsinko da kaina in ina dawowa daga gona. Matata ta dafa, ni in matse, don ta ce hannuna ya fara faɗawa. A ƙofar zaure nake ci. Masu wucewa sukan yi mini ba'a, in ce bismilla. Yawancinsu sai sun dubi hanya hagu da dama, sannan su tsuguna.